Amsa: Me ya sa bishiyar fich ɗina ba ta fure?

Malam, ka ce ka shuka ƙwallon fich (ɗan itacen da ake kira peach da Turanci) a Kano ya girma amma ko fure babu, to matsalar sanyi ce ba taki ba. Yawancin irinsa sai ya samu awanni ɗaruruwa cikin sanyi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius kafin idon furen ya buɗe, hunturunmu kuwa bai kai nan ba. Shi ya sa masu bincike a jami'ar Florida ta Amurka suka fitar da iri irin su Flordaprince mai buƙatar kamar awa 150 kawai. Kuma ƙwallo ba ya maimaita uwarsa, aure ake masa kamar mangwaro, sau da yawa kan tushen Nemaguard, wani irin fich mai jure tsutsar saiwa. Ni dai da a wajen Jos kake zan ce ka gwada.