An yi wa ɗana allurar rigakafin maleriya, amma zazzaɓin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. A Garwa nake zaune. Ɗana shekararsa biyu da 'yan watanni. An yi masa allurar rigakafin maleriya sau uku, ta huɗun ce ban kai shi ba. Maganin nan na wata-wata da ake rabawa da damina, wani watan ya sha, wani watan muna ƙauye. A Satumba zazzaɓi ya kama shi, ya yi ta jijjiga har ya yi doguwar suma, aka ƙara masa jini. Mako uku ke nan da sallamarmu, amma yana jan ƙafar hagu, 'yan kalmomin da ya iya kuma sun ɓace. Uwar mijina ta ce allurar ce ta jawo, maƙwabta sun ce iska ce. Allurar ba ta aiki ne? Ɗana zai dawo daidai? Wata uwa daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya mai ɗorewa. Allurar ba ita ta jawo masa wannan ciwo ba, domin babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Tana aiki, sai dai rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Yaran da suka fito daga irin wannan suma kuma, da yawansu ƙafa da baki suna dawowa, amma watannin nan na farko bayan sallama suna buƙatar kulawa kamar ta kwanakin da kuka yi a gadon asibiti.

Idan macen sauro ta ciji yaro, ƙwayoyin cutar da ta zuba hanta suke nufa kai tsaye. Can kowace ɗaya take ɓuya wajen mako guda tana hayayyafa, ta fito ta zama dubbai, su afka wa jajayen ƙwayoyin jini, sannan zazzaɓi ya tashi. Alluran biyu da ake da su yanzu, RTS,S da R21, a wannan ɗan tsakani suke aiki, daga fata zuwa hanta. Suna koya wa jiki gane wani sinadari da ke lulluɓe da ƙwayar, ya tare ta a hanya. To amma ƙwaya ɗaya in ta kuɓuce ta shiga hanta, tamkar tartsatsi ne ya faɗa kan busasshen zana. Da ta fito cikin jini kamanninta sun sauya, garkuwar da allurar ta gina ba ta gane ta kuma. Daga nan aiki ya koma kan magani, da kan garkuwar da jiki ke tarawa da kansa a hankali, bayan ya sha kamuwa shekara da shekaru. Mu manya muna da ita. Jariri yana ɗan cin ta uwarsa a watannin farko, sai ta ƙare. Ɗan shekara biyu ta uwa ta tafi, tasa ba ta gama ginuwa ba, shi ya sa mafi yawan waɗanda maleriya ke kashewa a Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar ne.

Na san abin da ya sa mutane ke jin kamar an yaudare su. Mun saba da alluran da ke kusan kashe cuta baki ɗaya. Da aka yi wa mutum miliyan 1.8 allurar sanƙarau a Injamena da kewayenta a ƙarshen 2011, ciwon ya ragu da kashi 94 cikin 100 a wuraren da aka yi ta. Ta maleriya ba ta kai nan ba, kuma masu binciken ba su taɓa cewa ta kai ba. A babban gwajin RTS,S, yaran da suka karɓi huɗu cif sun samu ragin kamuwa na kashi 36 cikin 100 a tsawon shekara huɗu. Adadin kamar kaɗan ne, amma cutar da ke kama yaro sau biyu sau uku a damina ɗaya, rage mata kashi ɗaya cikin uku ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin 2019 da 2023 an yi wa yara sama da miliyan 2 allurar a Gana da Kenya da Malawi, mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100, kwanciya asibiti saboda maleriya mai tsanani ta ragu da kashi 22. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S a Oktoban 2021, ta amince da R21 a Oktoban 2023. Kamaru ce ƙasa ta farko da ta shigar da allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, a Soa kusa da Yawunde, aka fara da gundumomin lafiya 42. Cadi ta bi baya a Oktoban 2024.

Ƙarfin allurar yana sauka da tafiyar watanni. A tsarin Kamaru ana yin ta a wata 6, wata 7, wata 9, sai ta huɗu a wata 24. Ɗanki damina ta same shi fiye da shekara guda bayan ta uku, lokacin da kariyar ta yi ƙasa sosai. Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba. Tazarar da ke tsakanin ta uku da ta huɗu doguwa ce, iyaye da yawa a nan suke ɓacewa, kuma mu ma'aikatan lafiya ba ma tunatarwa yadda ya kamata.

Binciken da ya fi kama da yanayinmu na Arewa shi ne wanda aka yi a Burkina Faso da Mali, aka buga a 2021. Su ma kamar Garwa da Marwa, cutar a 'yan watannin damina take taruwa. Yara kusan 6,000 aka raba gida uku: masu allura kaɗai, masu maganin wata-wata kaɗai, da masu duka biyun. Waɗanda suka haɗa biyun sun fi masu magani kaɗai da ragin kamuwa na kusan kashi 63 cikin 100, ragin kwanciya asibiti na kashi 70, da ragin mutuwa daga maleriya na kashi 73. Maganin wata-watan nan, wanda ake rabawa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, kwana uku ake shansa a jere, kuma kariyarsa wajen mako huɗu ce. Watan da aka tsallake, yaro a buɗe yake. In tafiya ƙauye ta kama, a nemi jami'in lafiya na ƙauyen a karɓa a can, a kuma tafi da gidan sauro.

Sai abin da ya faru a kansa. A maleriyar ƙwaƙwalwa, jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna mannewa a jikin ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, jini ya kasa gudana sosai, ƙwaƙwalwar ta kumbura. A Malawi an ɗauki hoton kan yara masu wannan suma, aka buga sakamakon a 2015: kashi 84 cikin 100 na waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai, a cikin waɗanda suka rayu kuwa kashi 27 ne. A kan kumburin ga jijjiga mai tsawo, ga saukar sukarin jini, ga ƙarancin jini, kowanne yana rage wa ƙwaƙwalwa abincinta. Wannan ciwo ne da ake ganinsa a gwajin jini da hoto. A ci gaba da addu'a, ba ta hana magani, amma kada zancen iska ya sa a bar asibiti, kada kuma a yi wa ƙafar tsaga ko a ƙona ta.

Ƙafar nan ita nake so a duba cikin makon nan, don abu uku ke iya sa yaro jan ƙafa bayan irin wannan jinya, kuma hanyar kowanne daban. In daga ƙwaƙwalwa ne, yawanci hannun wannan ɓangaren ma yana da rauni, daga baya ƙafar ta riƙa sandarewa. Ki lura ko ya daina kai hannun hagu ga abinci. In an yi masa allura a ɗuwawu kafin ku isa asibiti, musamman ta kinin, tana iya taɓa babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, sai ki ga tafin ƙafar yana reto, yatsu na jan ƙasa. Na uku shi ne shan inna. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayarsa ta daji a Agustan 2020, amma wani nau'insa yana ɓulla har yanzu a ƙasashen tafkin Cadi, don haka duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya ana ɗaukar kashinsa sau biyu a gwada. Likitan da ya taɓa ƙafar da hannunsa shi zai rarrabe.

Game da warkewa, akwai abin da zai kwantar miki da hankali, akwai kuma wanda nake so ki riƙe a zuciya. A Kampala ta Yuganda an bi wasu yara 'yan shekara 5 zuwa 12 da suka tashi daga maleriyar ƙwaƙwalwa. Ranar sallama sama da ɗaya cikin huɗu na da raunin da ido ke gani, amma bayan wata shida ya tafi. Sai dai bayan shekara biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na fama da matsalar da ido ba ya gani, musamman ta tsayar da hankali wuri ɗaya. A Malawi kuma kusan ɗaya cikin goma ya samu farfaɗiya daga baya. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna a aikinmu. Yaro ya miƙe yana gudu, kowa ya ce ya warke, sai an sa shi makarantar allo ko ta boko a ga ba ya riƙe karatu, ko ya cika rigima, a hau shi da duka a ce taurin kai ne. In haka ta taso nan gaba, ki gaya wa malaminsa abin da ya same shi.

Abin da ke gyara ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro shi ne maimaitawa, kuma yawancinsa a gida ake yi. Ki nemi a tura ku wurin masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, su koya miki da hannunki, tunda ke ce kike tare da shi kullum. Safe da yamma ki lanƙwasa ki miƙe gwiwar da idon sawun a hankali don kada su ƙage. Ki bar shi ya tsaya yana dafa turmi ko bango, ki ajiye abin da yake so a ɓangaren hagu don ya miƙa. Goyo yana da daɗi, amma yaron da ya wuni a baya ba ya taka ƙafa. Maganar kuwa, a fara gwada jinsa, domin yaron da ba ya ji ba zai yi magana ba. In yana ji, ki zauna ki fuskance shi, ki riƙa kiran sunan abin da ke hannunsa, ruwa, kofi, nono, ki jira ya amsa ko da da ido ne, ki yi masa waƙa da tatsuniya. Hausa da Fulatanci a gida ɗaya ba sa rikita yaro, kowa ya yi masa da harshen da ya iya. Nan kakarsa za ta fi kowa amfani. Ki ba ta wannan aikin cikin girmamawa, in da hali ku je ganin likita tare, ta ji bayanin allurar daga bakinsa.

Tunda an ƙara masa jini, akwai haɗarin da iyaye ba su cika sani ba. Yaron da aka sallama bayan ƙarancin jini mai tsanani, watannin da ke biye yana cikin haɗarin komawa asibiti. A Kenya da Yuganda an gwada ba irin waɗannan yara cikakken maganin maleriya a mako na 2 da na 6 da na 10 bayan sallama, ko ba su da zazzaɓi. Komawa asibiti ko mutuwa ta ragu da kashi 70 cikin 100 a lokacin da suke shan maganin, aka buga a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin hakan a 2022. Ki tambayi likitansa ko ɗanki ya dace da wannan, shi zai daidaita shi da maganin damina. Kada ki saya a kemis da kanki. A sake auna jininsa kuma, domin allurar atesunat da ake yi wa masu maleriya mai tsanani, wadda ta fi kinin ceton rai, wani lokaci jini kan sake sauka makonni kaɗan bayanta. Abinci ya ƙunshi ƙwai, wake, gyaɗa, kifi da zogale gwargwadon hali.

Bincike bai tsaya ba. A Mali an gwada wata allura mai suna L9LS, wadda garkuwa ce haɗaɗɗiya ake zuba wa yaro sau ɗaya kafin damina. A yara 'yan shekara 6 zuwa 10 ta rage zazzaɓin maleriya da kashi 77 cikin 100 na tsawon wata shida, aka buga a 2024. Tana matakin gwaji tukuna.

Idan ya sake jijjiga, ki kwantar da shi a gefensa, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko mai, kada a turara masa hayaƙi. In ta kai minti biyar, ko ya kasa shan nono da ruwa, ko yana amai ba tsayawa, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi baƙi, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Duk zazzaɓi a gwada jini a ranar. A ƙa'idar ƙasa, maganin maleriya kyauta ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati, ki tambaya. Ranar da za ku koma ki tafi da takardar sallama da katin rigakafinsa. Kamuwar da ya yi ba ta hana shi karɓar allura ta huɗu, da zarar jikinsa ya yi ƙarfi a yi masa.