Re: Wai da gaske ne ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka Harrison Ford ya taɓa faɗowa da jirgi ya rayu?

Malam da gaske ne wallahi, ba fim ba ne. Ranar 5 ga Maris 2015 abin ya faru, lokacin yana da shekara 72, kuma shi kaɗai ne a ciki, shi ke tuƙi. Jirgin ɗan ƙarami ne mai kujera biyu, Ryan PT-22, irin wanda sojan Amurka suka riƙa koyon tuƙi da shi zamanin yaƙin duniya na biyu, ko rufi babu a saman direba.

Tashinsa ke nan daga filin jirgin Santa Monica da ke jihar California sai inji ya mutu, ya kira hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage ya ce zai juyo, to bai kai ba, ya shafi saman bishiya ya dira a filin golf na Penmar da ke gefen filin jirgin. Ka tambaya ya aka yi bai mutu ba, ni a ganina bayan sauran kwana akwai gwaninta, don unguwar cike take da gidaje amma mutumin ya nemi fili mai ciyawa, ga shi irin wannan jirgin ba gudu gare shi sosai ba. Kuma aka yi dace akwai likitoci cikin masu buga golf ɗin, su suka fara taimaka masa.

Amma fa ya ji jiki, ƙugu da idon sawu sun karye, kai ma ya fashe. Masu bincike sun ce wani ɗan ƙarfe ne ya kwance cikin kafireto, mai ya yi wa injin yawa. Tsohon nan da ya warke sai ya koma tuƙinsa abinsa.