Gejin mai da na zafi sun tashi tare a tsohuwar Land Rover

Alhaji, ka ce a Series III ɗinka allurar zafi tana shiga ja a gosulon gadar Third Mainland ta Legas, ta mai kuma tana nuna tanki a cike alhali rabi ka zuba, har makanike ya ce a sauke lagireto. Don Allah a dakata tukuna. Geji biyu ba sa yin ƙarya a rana ɗaya sai in abin da ke ba su wuta ne ya samu matsala.

A bayan mitar gudu akwai ɗan akwatin ƙarfe, bai kai kwalin ashana ba, shi ne sitabilaiza. Wutar batir tana shiga ta ƙafar B, ta fita ta ƙafar I. A ciki akwai siririn ƙarfe da aka naɗe da waya. In ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wuta, in ya huce ya mayar. Wannan kashe-kunna ne ke ba gejin matsakaicin volt 10. Tsofaffin Ford na Amurka volt 5 suke, kada a sayar maka da nasu a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Wayar da ke ɗumama ƙarfen ta jikin akwatin take samun at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir ta bodin mota. Iskar Legas mai gishiri da danshi tana cin wurin notin da tsatsa, at ya yanke, ƙarfen ya daina zafi, sai volt 14 na altaneta ya wuce kai tsaye. Duk allurai su haura. A ganina nan matsalarka take.

Ka ce wa rewaya ya murɗa ki ba tare da tayar da inji ba, ya ɗora ƙwan gwaji tsakanin I da bodi. Bayan 'yan daƙiƙu ya kamata ya riƙa ƙiftawa. In ya tsaya tar, ko at babu ko bakin ƙarfen ya manne. In bai kama ba sam, a duba koriyar wayar B da fiyus. Mitar gwajin wuta mai lambobi tsalle kawai za ta yi ta yi a nan, ta ruɗa mutum.

A kwance sitabilaizan, a goge mazauninsa da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau, gefen da aka rubuta TOP yana sama. In bai gyaru ba a canza. Na fi son na lantarki: ɗan abin daidaita wuta mai ƙafa uku da ake kira 7810, daga kasuwar kayan lantarki ta Alaba, ƙafar farko B, ta tsakiya bodi, ta uku I. Shi ba ya ƙiftawa, volt 10 cur zai nuna.

Kafin a gama gyaran, ka riƙa duba ruwan lagireto da safe, don injin ma yana iya yin zafin gaske.