Babanmu ya ajiye maganin hawan jini, ya halatta in riƙa daka mishi a kunu bai sani ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Daga Tudun Wada nan Zariya nake. Dan Allah a taimaka min da fatawa akan Babanmu, shekararshi 67 yana da hawan jini ya kai shekara 9, bara ƙirji ya riƙe shi har aka kwantar dashi, likita ya ɗora shi akan amlodifin da atenolol da Moduretic da Vasoprin da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ta ƙarƙashin harshe. To wata biyu kenan ya tattara su ya ajiye, wai shi ya warke kuma maganin bature ƙoda yake kashewa, kuma mai tawakkali baya rayuwa akan ƙwaya, yanzu zoɓo da tafarnuwa da habbatus sauda kawai yake sha. Ga azumi ya matso yace ko ɗaya bazai sha ba. Shine nace ko ya halatta in riƙa daka maganin ina zuba mishi a kunu bai sani ba? Wallahi tsoro nake ji Malam.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yata Allah ya saka miki da alheri akan wannan damuwar, amma tun kafin mu yi nisa, kar ki daka mishi magani a kunu. Zan zo kan dalili, sai dai bari in fara da Baba tukuna dan a can gyaran yake.

Farko dai kar ku ɗauka maganarshi bata da tushe kwata-kwata. Akwai hadisin baƙar matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya ruwaito a Bukhari da Muslim, Annabi SAW ya bata zaɓi, in taso tayi haƙuri Aljanna tata ce in taso yayi mata addu'a, ta zaɓi haƙuri. Da irin wannan malamai da yawa suka ce barin magani ya halatta, kuma na tabbata Baba yaji wannan a wani zaure shekaru da suka wuce ya riƙe. Matsalar ita ce an ɗauki hukuncin wani ciwo an ɗora akan wani. Malaman da suka ce a iya bari suna maganar ciwon da mutum zai iya jurewa bai halaka ba, da maganin da ake kokwanton ko zai yi ko bazai yi ba. Shi yasa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da tayi zamanta na bakwai a Jidda a 1992 ta rarrabe abin, tace neman magani yana zama wajibi idan barinshi zai kai ga rasa rai ko lalacewar wata gaɓa ko nakasa. To ki gaya min, dattijon da zuciyarshi ta riga ta taɓa bada gargaɗi har aka kwantar dashi, a wane sahu yake?

Shi hawan jini abinda yasa yake yaudarar mutane baya ciwo. Mutum zai iya yawo da awon jini 180 bisa 110 yaje kasuwar Sabon Gari ya dawo yana raha, alhali ana so ya zauna ƙasa da 140 bisa 90, a hankali yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda, zuciya kuma tana ta kauri saboda turin da take yi, sai wata safiya a wayi gari baki ya karkace ɓarin jiki ya shanye a kwashe shi sai asibitin Shika, mu kuma muce jifa ne ko iska ta buge shi. Na je dubiya irin wannan yafi a ƙirga. Su kuma waɗannan ƙwayoyin ba warkar da ciwon suke ba, riƙe shi suke. Amlodifin yana sassauta jijiyoyin jini su buɗe, atenolol yana rage gudun zuciya da ƙarfin bugunta, Moduretic yana fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, Vasoprin kuwa asfirin ne ɗan kaɗan mai hana jini dunƙulewa ya toshe hanya. Kinga lafiyar da Baba yaji har yace ya warke, aikinsu ne yake gani. Mai rumfa ne yace ruwan sama ya ɗauke dan bai jiƙe ba, ya tashi ya cire rumfar.

Maganar tawakkali kuwa, Annabi SAW da ya fimu tawakkali yasha magani kuma yace a sha. Usama bin Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawan Larabawa sun tambaye shi ko su nemi magani, yace ku nema bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta banda guda ɗaya, tsufa. Yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Mai raƙumi yace in ɗaure ne ko in sake in dogara, yace ɗaure ka dogara. Sayyidina Umar ya kai Sarg akan hanyar Sham yaji annoba ta ɓarke ya juya da mutane, Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah kake? Yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma Baba in yaji yunwa ai baya cewa tawakkali ya ture akushi. Ayar Baƙara ta 195 tace kar ku jefa kanku cikin halaka, ta Nisa'i 29 tace kar ku kashe kanku. Dan haka abinda nake gani, mai irin yanayin Baba bai halatta ya ajiye magani da ra'ayin kanshi ba, in yayi bayan an fahimtar dashi ina ji mishi tsoron zunubi.

Habbatus sauda hadisinta ingantacce ne yana Bukhari, bana wasa dashi, ni kaina ina sha. Amma wanda ya faɗi hadisin ai bai taƙaita a kanta ba, yayi ƙaho, yayi umarni da zuma, ya aika wa Ubayyu bin Ka'ab mai magani. Ya sha zoɓonshi in yana so, ba mai tulin sukari ba, kuma a gaya wa likita dan shima zoɓon yana ɗan sauke jini. Batun ƙoda kuma an juya maganar ne, hawan jinin da aka ƙyale shine yake kai mutane wankin ƙoda. Ƙwayoyin da ya kamata yaji tsoro sune na ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da tsofaffi ke aika yaro kemis ya siyo kullum saboda gwiwa, su suke wahalar da ƙoda kuma su ƙara hawan jinin. Sannan ki duba tukunyarku, gishiri da dunƙule da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin dunƙule. Kanwa ma dangin gishiri ce.

Toh mu dawo kan kunu. Nana A'isha ta bada labari, yana Bukhari da Muslim, a rashin lafiyar Annabi SAW ta ƙarshe sun yi mishi ɗurar magani ta gefen baki yana musu nuni da kar suyi, suka ce ai ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo yace ban hana ku ba? Sai yayi umarni duk wanda ke ɗakin a ɗura mishi shima, banda Abbas da baya wajen. Soyayya ce tasa suka yi, kamar yadda ke ma soyayya ce ta kawo ki, amma bai yarda ba. Waccan Majalisar ta Jidda ma ta shar'anta izinin mara lafiya matuƙar baligi ne mai cikakken hankali. Baba hankalinshi ɗaya, kuskuren fahimta yayi, gyaranshi magana ce. In da ruɗewar tsufa ce ko suma, nan hukunci ya canza waliyyi ne zai yanke tare da likita.

Kuma ko ta fuskar lafiyar ma dabarar zata iya cutar dashi. Mutumin da yayi wata biyu baya sha ba'a dawo mishi da magani huɗu rana ɗaya ba awo, jini na iya faɗuwa ya yanke jiki a banɗaki. Ranar da bai shanye kunun ba rabin magani yasha, ranar da ya miƙa wa jikanshi ragowar fa? Ranar da yayi tafiya babu. Shi atenolol da 'yan uwanshi sha yau a bari gobe yana da haɗari ga mai ciwon ƙirji, katse shi farat ɗaya na iya tayar da ciwon. Akwai kuma ƙwayoyin da aka ƙera su narke a hankali cikin yini kamar wani nau'in nifedifin, in aka daka su duk ƙarfin zai sauka lokaci guda. Uwa uba shi zai ga yana lafiya ya ƙara sakankancewa zoɓo ne ke aiki, ranar da ya gane kuma ko ruwa bazai sake karɓa a hannunki ba.

Abinda zaki yi, ki nemo wanda Baba ke jin nauyi, limamin unguwarku ko amininshi ko yayanshi in yana raye, dattijo baya son 'yar cikinshi ta koya mishi addini, wannan halinmu ne. A karanta mishi wannan amsar. A auna jinin a gabanshi ya ga lambar da idonshi. Kuma a lallaɓa a tambaye shi ainihin dalili, dan sau da yawa tawakkalin nan mayafi ne, a ƙarƙashi akwai kumburin ƙafa da amlodifin ke sawa, ko yawan fitsari mai karya mishi alwala a sahu, ko wata matsala ta tsakaninshi da iyali da bazai taɓa faɗa miki ba, ko kuma kuɗin maganin ne yayi nauyi yana jin kunyar tambayarku. Duk waɗannan likita na iya canza wani da wani, na kuɗin kuma ku 'ya'ya ya hau kanku in bashi da hali.

Azumi kuma ba sai an zaɓi ɗaya tsakaninshi da magani ba. Yawancin ƙwayoyin nan sau ɗaya ake sha a yini, masu hawan jini da yawa suna azuminsu lafiya lau sun mayar da sha lokacin buɗa baki ko sahur, amma likita ne zai tsara, musamman na fitsarin nan, dan mutum yasha shi da asuba ya shiga zafin Zariya sama da awa 13 ba ruwa jiki zai bushe. Kuje tun kafin ganin wata. In likita amintacce yace kar yayi, Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, an yarda mara lafiya yasha azumi in yaji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, kuma shan ya zama wajibi in yaji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. In ana sa ran sauƙi ya rama daga baya, in ciwon na dindindin ne ya ciyar da mudun Nabiyyi ɗaya a kowace rana, mustahabbi ne a wajen Malikiyya kamar yadda Risala ta kawo akan tsoho, wajibi ne a wajen mafi yawan sauran malamai, ni dai nafi so a ciyar.

Ita 'yar ƙaramar ta ƙarƙashin harshe, Majalisar Fiƙihu a zamanta na goma a Jidda 1997 tace bata karya azumi matuƙar bai haɗiye abinda ya narke ba, dan ta fatar baki take shiga jini ba ta ciki ba. Ta zauna a aljihunshi ko masallaci zashi, a duba kuma ko bata tsufa ba dan tana saurin rasa ƙarfi in an buɗe kwalbar. In ƙirjin ya riƙe ya zauna ya saka, in minti 5 ya wuce bai saki ba ku ɗauke shi zuwa asibiti a take, kar wanda yace a jira a sha ruwa.

Wallahu a'alam.