Amsoshin Tambayoyinku: Fiyano, Kwamfuta da Wayar Haɗi ta Jabu

Tambaya: Na sayi fiyano a kasuwa, na kai gida na danna, shiru kake ji. An cuce ni ne? Daga Fagge, Kano.

Ba wanda ya cuce ka, malam, kai ne ba ka tambaya ba kafin ka ƙirga kuɗi. Abin da ka ɗauko kwantirola ne na MIDI, wato tsarin da kayan kiɗa ke aika wa kwamfuta saƙo da shi, babu sauti a cikinsa. Kana danna maɓalli zai tura wa kwamfuta saƙo: lambar maɓallin, daga 0 zuwa 127, da ƙarfin dannawarka. Manhaja ce ke miƙa saƙon ga kayan kiɗan da ka zaɓa. In mai kiɗa da kansa kake so, nemi irin Yamaha PSR.

Tambaya: Ina kiɗa a gidajen biki. Ina so hannun hagu ya ba ni bes, wato sauti mai kauri, na dama sarewa, amma ba ni da kuɗin fiyano biyu. Yaya zan yi? Daga Zariya.

Kwantar da hankalinka, ƙanena, guda ɗaya ya ishe ka. A cikin manhaja za ka raba shi biyu: maɓallan da ke ƙasa da lamba 60, wato C ta tsakiya, su tafi wa bes, na sama su tafi wa sarewa. Manhajar MainStage na yin haka amma sai a kwamfutar Mac, manhajar Cantabile kuwa a Windows. Kowace waƙa ka ajiye mata tsarinta tun daga gida.

Amma don Allah ka ji ni a kan wayar da ke haɗa fiyano da kwamfuta. Mutum zai zuba dukiya a kwamfuta, sannan ya sayi wayar MIDI zuwa USB ta jabu don araha. Kowane sauti saƙo biyu ne, na dannawa da na sakewa. Wayar banza takan yar da na biyun, sai sarewa ta maƙale tana ihu, ga amarya na shigowa, ga mai biki na hararka. Haka manhajar sata da ake loda wa mutane a shago: ranar aiki take tsayawa, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. In fiyanonka yana da ramin USB, haɗa shi kai tsaye. Ka kuma caja batirin kwamfutarka ya cika, kada ka dogara da janaretan masu biki.

Tambaya: Sauti yana jinkiri bayan na danna. Daga Maraɗi.

Saka direban ASIO, wato manhajar da ke rage jinkirin sauti a Windows, ka rage bafa (ma'ajiyar sauti ta wucin gadi, a saitin manhajarka) zuwa 128. In ya fara ƙarce-ƙarce, mayar 256.