Amsar yaya kan kai ƙarar bug a Python

Ga waɗanda data bai ishe su sauraro ba, ga voice ɗin da yaya ya yi a group jiya da dare kan kai ƙarar bug, wato kuskure a manhaja, a Python, yaren rubuta program, na rubuta shi yadda ya faɗa.

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare, ku yi haƙuri da ƙarar janareto, an ɗauke wuta a Aboabo tun magariba. Ƙanina na saurari voice ɗinka kuma na ga hotunan sikirin da ka turo. Bari in maimaita saboda waɗanda ba su bi ba: ya ce ya sa sabon Python a laftop ɗinsa, import cgi ya ƙi aiki, sannan da ya zo rubuta sunayen ɗaliban makarantarsu cikin fayil sai program ɗin ya faɗi a kan suna mai ƙ, sannan kuma wai ya ga wani wuri a documentation da abin da aka rubuta ya saɓa da abin da function ɗin ke yi. Yana tambaya ina ake kai ƙara, kuma shi ma zai iya gyarawa ko sai manya.

To ƙanina, cikin ukun nan ɗaya ne kawai yake da ƙamshin bug, biyun farko in ka kai su za a rufe maka issue ɗin, wato rahoton matsalar, kafin shayinka ya huce, kuma ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake. Shi cgi ba lalacewa ya yi ba, cire shi aka yi da gangan. Akwai takarda da ake kira PEP 594, PEP takardar shawarar canji ce a Python, ita ta jera tsofaffin modul, wato kayan aikin da ake ɗauko wa da import, da ba mai kula da su, irin su cgi da telnetlib da crypt da sauransu, aka fara gargaɗi tun 3.11, da 3.13 ya fito a Oktoba 2024 aka kwashe su gaba ɗaya. Haka distutils ya tafi a 3.12. Kai kuma tutoriyal ɗin da kake bi a YouTube na ga alama ya kwana biyu, mutumin ma print ɗinsa babu baka biyun nan (), wato Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020. Don haka duk lokacin da abu ya ɓace bayan ka ɗaga version, kafin komai buɗe shafin What's New na wannan version ɗin ka gangara wajen da aka rubuta abubuwan da aka cire, mafi yawan lokaci a nan maganar take ƙarewa.

Na biyun shi ne ya fi min daɗi don ya shafe mu kai tsaye, duk mai rubuta Hausa a kwamfuta sai ya ci karo da shi. Ka duba layin ƙarshe na hoton naka, an rubuta UnicodeEncodeError, charmap codec can't encode character, sai u0199. Wannan u0199 ɗin lambar harafin ƙ ce. Abin da ya faru, ka kira open don buɗe fayil ba ka faɗa masa encoding ba, wato teburin da ake mayar da haruffa lambobi da shi, a Windows kuma sai ya ɗauki na injin, wanda a laftop ɗinmu na nan yawanci cp1252 ne, shi kuma tsohon tebur ne na harsunan Turai ta yamma, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, kai ko alamar sidi, kuɗinmu na Ghana, babu a ciki, in ka gwada rubuta farashi da ita haka zai faɗi. Wanda yake Linux ko Mac ba zai ga komai ba saboda su UTF-8 suke, encoding ɗin da ke ɗaukar duk haruffan nan, shi ya sa abokinka ya ce maka a wajensa lafiya lau. Ka ƙara encoding="utf-8" cikin open ɗin shikenan. Kuma masu Python sun san da wannan tuntuni, har sun amince da PEP 686 da zai mayar da UTF-8 abin da ake farawa da shi a 3.15. Kaga in ka buɗe issue a kai, abin da aka riga aka yanke hukunci a kansa ka kawo.

Irin waɗannan suna da yawa wallahi, 0.1 a tara da 0.2 ya ba da 0.30000000000000004, round na 2.5 ya ba da 2, kullum sai wani ya kai ƙara, kuma duk ba bug ba ne.

Yanzu na ukun. Ban ga shafin ba tukuna, hoton ya yanke saman, amma in har yadda ka faɗa ne to wannan aikinmu ne kuma kai ma za ka iya. Fara da duba version ɗin shafin, akwai ɗan akwati a sama da ake zaɓa, sau da yawa Google yana jefa mutum cikin shafin tsohon version ba tare da ya lura ba. Zaɓi wanda ya yi daidai da abin da python --version ya nuna maka, sannan ka zaɓi na dev, wanda ake kan ginawa, ka gani ko an riga an gyara. In a can ma yana nan, sai ka je GitHub, shafin da ake ajiye code, python/cpython inda na Python yake, wajen issues. Da can bugs.python.org ake kaiwa, a 2022 aka kwaso komai zuwa GitHub, code ɗin kansa tun 2017 ya koma can, don haka in wani tsohon rubutu ya tura ka wancan shafin kar ka ɓata lokaci. Yi bincike da sunan function ɗin, kuma ka cire matatar is:open ɗin nan don ka ga waɗanda aka rufe, don wani lokaci wani ya kawo maganar shekaru da suka wuce aka yi masa bayanin dalilin da ya sa aka bar shi haka.

Sai rubuta rahoton, kuma nan ne nake so ku saurara da kyau duk da ku masu shiru a group. In ka kai mota Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ka ce wa makaniki "mota ba ta da lafiya" ka juya ka tafi, me kake so ya yi? Amma in ka ce in ta yi sanyi da safe, na sa giya ta biyu, sai in ji ƙara ta gefen dama, kafin ka rufe baki ya san inda zai sa hannu. Haka mai kula da Python yake. Ba ya ganin laftop ɗinka, ba ya da fayil ɗinka, issues dubbai ne a gabansa kuma yawancin masu kular aikin sa kai suke bayan sun tashi daga nasu aikin. To ka rage masa wahala. Ka yanke program ɗinka har ya koma layi huɗu ko biyar da kowa zai kwafa ya liƙa ya ga matsalar da idonsa, babu library, wato code ɗin wasu da ake ƙarawa, irin Django ko pandas a ciki babu fayil ɗin makarantarku mai sunayen 'ya'yan mutane. Ka rubuta abin da ka yi, abin da ka zaci zai fito, abin da ya fito. Ka sa version, ka sa Windows ne ko Ubuntu. Traceback ɗin, wato saƙon kuskuren da Python ke fitarwa in program ya faɗi, ka kwafo shi a rubuce gaba ɗaya, don Allah ba hoton sikirin da waya ba irin wanda ka turo mana har ana ganin fanka a gilashi, hoto ba a iya bincikensa ba a iya kwafarsa. Kuma wajen yankewar nan ne za ka gane ko laifin na Python ne ko na library ne ko naka ne, sau da yawa kana cire layi kana cire layi sai matsalar ta ɓace, to inda ta ɓace nan take zaune.

Turancinka ba sai ya yi kyau ba, mutanen can daga ko'ina suke, gajeren jimla ya isa. Abin da ba na so shi ne ka ba ChatGPT ya tsara maka dogon rahoto mai kanun labarai wanda kai kanka ba ka gwada ba, masu kula da manhajojin nan sun gaji da irinsa, suna ganewa daga layin farko.

Wani abu da mutane ba sa lura, in rubutu da code suka saɓa ba lallai rubutun ne ke da laifi ba, kuma ba lallai code ba. Kai dai ka nuna saɓanin, kar ka shiga da cewa ku gyara function ɗin. Function da ya yi shekaru yana abu ɗaya, program ɗin mutane da yawa sun jingina a kansa, canza shi zai karya musu aiki, shi ya sa galibi rubutun ake daidaitawa da code. Kuma rubutun ma wuri biyu yake, wanda kake gani a shafin intanet yana cikin folda Doc, fayilolin rubutu masu ƙarewa da rst, manhajar Sphinx ce ke mayar da su shafuka, wanda kuma help ke nuna maka a terminal docstring ne, wato bayanin da ke cikin code ɗin kansa. Ka duba duka biyun, wani lokaci ɗaya daidai ne ɗaya ne ya tsufa.

Gyaran kansa ba wuya. In harafi ne ya faɗi ko kuskuren rubutu ƙarami, ba ka ma buƙatar issue, pull request kai tsaye, wato ka tura gyaranka ka nemi a haɗa shi. A gefen kowane shafi akwai Show source, zai kai ka fayil ɗin, ka danna alamar fensir a GitHub ka gyara a burauza, shi zai yi maka fork, wato kwafinka na code ɗin, da kansa, data kaɗan. In gyaran ya fi haka sai ka sauko da repo ɗin, wato ma'ajiyar code ɗin gaba ɗaya, amma ina gargaɗinka yana da nauyi, tarihin sama da shekara talatin ne a ciki, ka sa --depth 1 a clone ɗin ko ka bari sai ka samu wifi a jami'ar KNUST, kar ka ƙone bandul ɗin wata a dare ɗaya ka zo kana neman a tura maka MoMo. Ka yi branch, wato reshen aikinka, daga main, babban reshen da ake kan ginawa, ko da a 3.13 ka ga kuskuren, a main ake gyarawa, in an haɗa akwai bot mai suna Miss Islington da ke kai gyaran zuwa tsofaffin branch da ake kula da su. Shiga folda Doc a terminal, ka rubuta make venv, sannan make html, ka buɗe shafin ka gani da idonka, don rst yana da tsiya da tazara, space ɗaya ya goce sai akwatin misali ya watse. Taken pull request ɗin yana farawa da gh da lambar issue. Karon farko bot zai ce ka sa hannu a CLA, yarjejeniya ce da Python Software Foundation cewa ka yarda a rarraba abin da ka rubuta, da account ɗin GitHub ake yi, ba kuɗi ba fom na takarda. Gyaran code yana son test da ɗan labari a Misc/NEWS.d da ake rubutawa da 'yar manhaja mai suna blurb, gyaran rubutu yawanci ana tsallake wannan.

Abu ɗaya a pull request ɗaya, kar ka ga waƙafi goma a hanya ka ce bari in share su duka, mai dubawa zai ajiye ka gefe.

Daga nan sai haƙuri. Wani gyaran kwana biyu an haɗa, wani ya yi watanni ba wanda ya leƙa. Devguide ɗinsu, jagorar masu son ba da gudummawa, ya ce in wata ɗaya ya wuce ba wanda ya ce uffan ka taɓa issue ɗin da ladabi, wata ɗaya fa, ba kowace safiya "any update" ba, kuma kar ka bi mutum inbox. In an ce canza kaza, canza, in ba ka yarda ba kawo dalili da misali. Tun da Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, ya sauka daga shugabanci a 2018 kwamitin mutum biyar ke yanke manyan hukunci, amma ɗan gyara irin naka core developer ɗaya, cikin masu izinin haɗa gyara, ne zai duba ya danna, kuma zai fi saurin dannawa in bai sha wahalar gane ka ba.

Ƙanwarmu ta tambaya a ƙasa game da pip, abin da ake sa library da shi, cewa a Ubuntu yana ce mata externally-managed-environment. Shi ma ba bug ba ne, PEP 668 ne, Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 sun kulle Python ɗin system don kar pip ya ɓata musu kaya, yi python3 -m venv da sunan folda, zai ba ki keɓaɓɓen wurin Python naki, ki yi aikinki a ciki. Kuma ko da bug ne na gaske, ba cpython za ki kai ba, pip gidansa daban, pypa/pip, mutanensa daban. Haka Jupyter, haka extension ɗin VS Code, kowanne da ƙofarsa, ki duba wanda sunansa ya fito a ƙarshen traceback. Sai abu ɗaya da ba a kaiwa fili ko kaɗan, in matsalar tsaro ce wadda wani zai iya shiga injin mutane da ita, wannan email ake tura wa tawagar tsaronsu a ɓoye, adireshin yana shafin python.org.

Wanda yake jin tsoron farawa shi kaɗai, tarukan masu Python da ake kira PyCon suna ware lokacin sprint da ake zama tare a yi irin wannan, PyCon Africa na farko ma a Accra aka yi shi a 2019, kuma Python Ghana suna nan suna taruka, ku bi shafinsu. Amma mu ba sai mun jira taro ba. Ƙanina turo min link ɗin shafin da layukan da ka gwada, a rubuce, in duba dev in duba issues, in ya tabbata ranar Asabar bayan la'asar ka zo shago da laftop da caja mu buɗe shi da account ɗinka, duk mai son kallo ya zo, kujera dai huɗu ce.