Filin Tambaya da Amsa: Dillali ya ce katamaran ɗin na gudun not 12, in yarda?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni dai na daɗe ina bin wannan fili naka, to yanzu abin ya zo kaina. Na ga tallan wani katamaran na hannu a intanet, wato jirgin ruwa mai gangar jiki biyu, Lagoon 380 ƙirar 2008, mai ɗakunan kwana huɗu, an ce ya yi aikin haya na wasu shekaru sannan wani ya saya ya zauna a ciki da iyalinsa, ya sa masa janareto da na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki da firij biyu, gaskiya hotunan sun tafi da ni. Dillalin ya rubuta cewa jirgin na yin not 12 cikin sauƙi kuma wai ya fi duk wani jirgi mai gangar jiki ɗaya gudu. Dan Allah wannan magana haka take ko dai bakin dillali ne kawai? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Dillalin bai yi maka ƙarya ba amma kuma bai faɗa maka gaskiya ba, ka san halinsu. Eh jirgin zai iya taɓa not 12, wato kamar kilomita 22 a awa tunda not ɗaya kilomita 1.852 ne, amma yaushe? Sai iska mai ƙarfi tana bugowa daga gefe ko ta baya, igiyar ruwa ta ɗago bayan jirgin ta turo shi gangare, lambar ta haska a allo na daƙiƙa biyar, mai jirgi ya yi wuf ya ɗau hoto da waya, shikenan an samu abin sawa a talla. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne nawa yake ci a awa 24, kuma irin wannan jirgi in ya yi not 6 zuwa 7 a tsaka-tsaki to ya yi ƙoƙari, kaga kenan mil 150 na teku ko sama da haka kaɗan a kwana guda.

Shi Lagoon 380 jirgi ne sananne, kamfanin Faransa ne, ya fara fitowa a 1999 kuma an ƙera ɗaruruwa, tsawonsa mita 11.55, faɗi wajen mita shida da rabi, nauyinsa in babu komai a ciki tan bakwai da ɗan ɗoriya. To ka riƙe wannan kalma ta "babu komai a ciki" don nan gizo ke saƙar. Katamaran gangar jiki biyu ne sirara, sirantar nan ce ke ba shi gudu, kuma ita ce ke sa ba ya son kaya, kowane kilo ka ɗora sai ya ƙara nutsewa. Yanzu lissafa abin da ka rubuto min da kanka, janareto, na'urar sanyi, injin wanki, firij biyu, ga batura da sola da za su ɗauki nauyinsu, ga ƙaramin kwale-kwale da injinsa a rataye a baya, ga ruwan sha wanda kowace lita kilo ɗaya ce, ga mai, ga sarƙar anka, ga tarkacen iyali na shekaru. Kafin ka ankara tan ɗaya da rabi ko biyu sun hau. Abubuwan da suka tafi da kai a hoto su ne dai za su rage maka gudun.

Na taɓa raka wani abokina gwajin irin wannan jirgi, tun muna kan gada kafin mu shiga na ce masa zo ka gani. Matakalar baya ta ƙarshe, wadda ya kamata ta kasance a bushe sama da ruwa, tana cikin ruwa har gansakuka ta yi mata kore, sannan an sake fentin layin da ke nuna inda ruwa ya kamata ya tsaya a jikin jirgi an ɗaga shi sama kamar faɗin tafin hannu, tsohon layin yana nan ana ganin shatinsa a ƙarƙashin sabon fenti. Muka fita, iska not 10 mai daɗi, jirgi ya ƙi wuce not huɗu da rabi, sai mai shi ya miƙa hannu a hankali zai tada inji ɗaya wai "don batir ya caji". Abokina ya kalle ni na kalle shi.

Sai maganar da dillalai ba sa so a tayar, tafiya ta fuskar iska. Jirgin filafilai, wato manyan ƙyallayen nan da iska ke turawa, ba ya iya nufar inda iska ke fitowa kai tsaye, sai dai ya riƙa yankawa dama da hagu. Mai gangar jiki ɗaya da ke da doguwar ƙaya a ƙasa, wato farantin nan da ke cikin ruwa yana hana jirgi zamewa gefe, yana iya matsowa kamar digiri 45 daga iska. Katamaran na yawon shaƙatawa irin wannan ƙayarsa gajeruwa ce, zurfinsa gaba ɗaya bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka digiri 55 ne ko ma fiye in ka haɗa da zamewar da yake yi gefe. A lissafi, in dukansu suna not 6, na farko yana matsawa inda aka nufa da not 4.2, naka kuma 3.4, wato mai gangar jiki ɗayan da dillali ya raina zai riga ka isa ya sauke anka ya huta. Akwai katamaran masu hawa iska sosai, irin su Outremer da Catana, su suna da dogayen alluna da ake zurawa cikin ruwa a ɗago in an gama, kuma ba su da nauyi, amma ɗakunansu matsattsu ne, ba za ka samu falon nan mai faɗi da gudun a jirgi ɗaya ba sai ka bar ɗaya.

Ba wai ina kushe jirgin ba ne fa. In iska na baya, kamar hanyar da gasar ARC ta tsallaka tekun Atlantika ke bi duk Nuwamba daga Las Palmas zuwa Sent Lushiya, mil 2,700 tare da iskar da ke kaɗawa daga gabas, katamaran abin so ne, ba ya kwanciya gefe, kofi na kan tebur bai zube ba, yara na barci.

Shawarata, kar ka biya ko sisi sai an fita da kai teku, gani ya kori ji. A kashe injuna biyun, ka sa a nufi iska, ka duba hanyar da GPS ya zana bayan an juya sau uku ko huɗu, ita ba ta san dillali ba. Ka ɗaga kai ka kalli filafilan, in na asali ne tun 2008 to sun saki sun yi tumbi kamar buhu, suna tura jirgi gefe maimakon gaba, sabbi za ka ɗinka. Ka kasa kunne kuma ko ruwa na dukan ƙasan falon tsakanin gangar jikin biyu, wani irin gwaf gwaf da ke sa tebur tsalle, in kaya sun danne jirgi wannan dukan ƙaruwa yake.

TAMBAYA: Malam ni tsorona kifewa, an ce in katamaran ya kife ba ya tashi. Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya gaskiya aka faɗa miki, ba ya tashi, shi ya sa da yawansu ke da ƙofar tsira a ƙasan gangar jiki. Amma kifar da jirgi mai nauyi irin na zaman iyali ba ƙaramin abu ba ne, yawanci sai an bar masa filafilai da yawa cikin iska mai ƙarfi. Matsalar ita ce shi ba ya gargaɗi, mai gangar jiki ɗaya yana kwanciya gefe sai kowa ya gane iska ta yi yawa, shi kuwa wannan yana nan a miƙe kamar ba komai alhali jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, da wayoyin da ke riƙe shi suna shan wuya. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake hawa ba, in gudunta ya ninka sau biyu ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa. Don haka ana rage filafilai ne da lamba, littafin jirgin yana da jadawalin not nawa za a rage, ki bi shi ko da maigida ya ce ai da sauran lokaci.

TAMBAYA: Jirgin da ya yi aikin haya, a guje shi ne ko a saya?

AMSA: Ya danganta da abin da mai bincike ya gano, kuma kai za ka ɗauko mai binciken ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A fito da jirgin daga ruwa, a auna danshi a jikin faibar da aka ƙera shi da ita, a duba bangayen ciki da ke riƙe jigo da haɗin gangar jikin biyu ko sun tsage ko sun rabu. Wayoyin da ke riƙe jigo in sun haura shekara 10 kamfanonin inshora da yawa za su ce a canza. Inji biyu ne, komai sau biyu za ka gyara, ka nemi awannin kowanne da takardun sabis, har da robar da ke toshe ruwa inda ƙafar farfela ta ratsa ƙasan jirgi. In kuma jirgin ya zauna a yankin Karebiyan, ka tambaya kai tsaye ina yake a Satumban 2017 lokacin da guguwar Irma ta ragargaza jiragen haya a Tortola da Sen Matin, don wasu an gyara su an dawo da su kasuwa, ka ce a ba ka amsar a rubuce tare da takardun gyaran.